Attajirin da Ya Karɓe Makulli

Tunda ka ce kana son shiga cikin masu zuba jari a kamfanonin yara masu tasowa, zauna in ba ka misali kafin ka kwance bakin jaka.

An yi wani attajiri da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cinikin hatsi. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya bar wa 'ya'yansa rumfa, ya koma gida. Amma wanda ya saba da hayaniyar kasuwa, zaman gida ciwo ne a wurinsa. Wani amininsa ya kai shi wata ƙungiya ta masu hali, waɗanda kan taru lokaci-lokaci su saurari matasa masu sabuwar dabarar sana'a. Wanda dabararsa ta kwanta musu sai su haɗa masa jari, kowa ya sa abin da ko ya salwanta ba zai hana shi barci ba. Ba bashi ba ne: ɗan kaso kake samu a kamfanin, in ya girma ka girma da shi, in ya mutu ka yi haƙuri. A nan ya ji wata matashiya da ta kafa wurin busar da tumatir da hasken rana, tsaf, ba ƙasa ba ƙuda. Abin ya burge shi, ya sa nasa. To, ka san a kasuwa in ka ba yaro jari ka zama ubangidansa, kai ne mai buɗe shago, kai ne mai rufewa. Da wannan tunanin ya wayi gari, ya sa aka ɗauko masa kujera aka dasa a ƙofar kamfanin, ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli. Yarinyar ta dube shi, sa'an mahaifinta ne, kunya ta hana ta musu, ta ba shi. Kuma wallahi ba mugunta ce ta kawo shi ba, so yake ya taimaka. Kullum ana kiran magariba sai ya sallami ma'aikata ya garƙame ƙofa, don a saninsa da duhu kaya ke yin ƙafa. Abin da bai sani ba, kuma bai tambaya ba, shi ne duk ribar sana'ar a wannan lokacin take. Sai kasuwa ta tashi manoma ke kawo tumatirin da ya yi kwantai, su sayar da araha maimakon su zubar, a yanka shi nan take a shanya. Yanzu sai su iso su tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo, kwanduna su kwana a waje, da safe sun zama ruwa. Ba a jima ba manoman suka ɗauke ƙafa. Shi kuwa yana kan kujera yana faɗan cewa manoman zamani ba su da alkawari.

Da yarinyar ta ga kamfanin na shirin mutuwa a hannunta, kuma bakinta ba zai iya gaya wa dattijo ya tashi ba, sai ta je wurin shugabar ƙungiyar, wata hajiya da ta daɗe a harkar. Ta ce za ta sayar da na'urar busarwar ta mayar wa kowa abinsa. Hajiyar ta same shi har gida, aka gaisa, aka sha ruwa, sannan ta warware masa zancen kwandunan tumatirin da ke ruɓewa a ƙofa. Ta ce, “Alhaji, kaso muka saya, ba kujerar mai gida ba. In mun fi ta sanin tumatir, me ya hana mu buɗe namu?” Maganar ta yi masa zafi, don rabon da a gaya masa ya yi kuskure tun yana yaron shago. Ya kwana biyu yana cika yana batsewa. Daga baya ya tafi da ƙafarsa ya damƙa wa yarinyar makullinta a gaban ma'aikata, sannan ya yi abin da ya kamata ya fara da shi, ya ce, “'Yata, me ya fi damunki a wannan sana'a?” Ba ɓarayi ta ambata ba, ba ma'aikata ba. Ta ce manoma za ta iya lallaso su, amma manyan dillalan kasuwannin nesa ba su san ta ba, ko wayarta ba sa ɗagawa. Sai tsohon ya yi dariya har ya riƙe ciki, don waɗannan dillalai da shi aka yi yawancin bikin sunan 'ya'yansu. A zaune a nan ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce yarinyarsa ce, shi ya tsaya mata.

Manoma suka dawo, motar farko ta ɗauki kaya ta tafi, ta biyu ta biyo. Har yau ribar ba ta shigo aljihunsa ba, an ce sai nan da wasu shekaru, kuma wani kamfanin da ya sa wa jari tuni ya rufe. Bai damu ba. Yana gida hankalinsa kwance, ba ya leƙa wurin sai an kira shi, in an kira shi kuwa har da sauri yake sa hula. Ya yi watanni yana gadin ƙofar da ba ta buƙatar mai gadi, alhali abin da ake nema a wurinsa tambaya ɗaya ce ta fito da shi. Don haka in ka ba da jarinka, ka ba da kunnenka tare da shi, gama Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.