Waya Ba Kwali, Ba Rasit

Wayar Nasrullahi ta daɗe tana ba shi kunya. Gilashinta ya tsage, kuma sai ya ɗaure igiyar caji da roba kafin wuta ta shiga. Direban raksha ne, wato keke mai ƙafa uku, a unguwar Hillat Kuku, fasinjojinsa na kullum ta waya suke nemansa. Ga kuma Wafa'a, budurwarsa da aka sa musu ranar aure, kullum tana tsokanarsa cewa hotunan da yake turo mata kamar cikin hayaƙi aka ɗauke su.

Da ya ga abin da ya tara ya ɗan yi kauri, sai ya ƙetara gada zuwa kasuwar Omdurman, ya shiga shagon wani dattijo mai suna Salih.

"Wane aiki za ka yi da ita, ɗana?" in ji Salih.

"Kira, da hoto mai kyau, Baba."

Dattijon ya ɗauko wata sabuwa a kwalinta. "Wannan tana riƙe caji yini guda ko an ɗauke wuta, tana ɗaukar layi biyu, kuma ba ta zafi a rana. Zan rubuta maka rasit, in ta ba ka matsala ka dawo."

Amma idon Nasrullahi yana kan wata mai kyamara uku da ke ƙyalli cikin gilashi. Da ya ji farashinta sai ya yi godiya ya fito, ransa ba daɗi.

Bai yi nisa ba wani mutum da ke jingine da bango ya taɓa kafaɗarsa.

"Ya zol, bawan Allah, na ga wadda kake kallo. Zo ka gani."

Ya zaro irinta sak daga aljihun jallabiya. Kuɗin da ya faɗa bai ma kai na wadda Salih ya nuna masa ba.

"Ina kwalinta? Ina rasit?"

"Da kwali za ka yi kira? Tawa ce, buƙata ta taso. In ba ka so, akwai mai jira."

Yana magana yana waige-waige. Nasrullahi ya lura da haka, amma wayar tana tafin hannunsa, santsi, ko ƙwarzane babu. Ya biya. Kafin ya ɗaga kai mutumin ya shige cikin jama'a.

A gida yayarsa Sauda ta karɓa tana jujjuyawa, ta buɗe wajen hotuna. Murmushinta ya ɗauke. Wata mata ce mai juna biyu, rungume da wata tsohuwa, suna dariya. Hotuna ne rututu.

"Nasrullahi, wa zai sayar da wayarsa ya bar hotunan iyalinsa a ciki?"

"Mantawa ya yi, Yaya."

"Kai ma ka san ba mantuwa ba ce. Ka kai ta wajen 'yan sanda yau, tun kafin su zo da kansu."

"In kai, in yi asarar gumina?"

Ya fizge wayar, ya goge komai, ya sa layinsa.

Tun daga ranar bai sake samun natsuwa ba. In baƙuwar lamba ta kira sai ya tsaya yana kallonta har ta katse. In ya hango motar 'yan sanda sai ya sauya hanya, ko da fasinja a baya.

Wata rana da hantsi yana tashar raksha, wasu mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya kusa da shi. Ɗaya ya danna lamba a tasa wayar. Aljihun Nasrullahi ya ɗauki ƙara. A gaban abokan aikinsa aka buga masa ankwa.

A ofishin 'yan sanda jami'in ya gaya masa cewa kowace waya tana da lambarta ta musamman, kuma da Nasrullahi ya sa layinsa a ciki ya nuna kansa. Wayar ta wata malamar makaranta ce mai suna Nahla, daga Kalakla. Wasu ne a kan babur suka fizgi jakarta, igiyar jakar ta naɗe mata hannu, suka ja ta a kan kwalta. Cikinta ya zube, kuma har yanzu ba ta iya tsayawa da ƙafarta.

Mijinta Abdullah yana zaune a gefe. Bai yi zagi ba, ya dai matso.

"Ɗan'uwa, wayar ba ta dame mu ba. Hotunan mahaifiyarta marigayiya suna ciki, ba mu da wasu. Suna nan?"

Nasrullahi ya sunkuyar da kai.

An zaga da shi kasuwa da ankwa a hannu, layi-layi, don ya nuna wanda ya sayar masa. Bai san sunansa ba, ba shago, ba shaida. Alƙali ya same shi da laifin karɓar kayan sata, ya tura shi gidan yari. Mai rakshar da yake tuƙawa ya ba wani direban makullin. Mahaifin Wafa'a ya dawo da kayan sa rana, ya ce a yi haƙuri. Mahaifiyar Nasrullahi kuwa, wadda ba ta taɓa taka ƙofar kurkuku ba, ita ce yanzu take bin layi cikin zafin rana da kwanon abinci a hannu.

Mai karatu, in za ka sayi waya, zaɓi wadda za ta yi maka aikinka kuma aljihunka zai ɗauka, a shagon da ka sani, da kwali da rasit. Duk wayar da arharta ta wuce hankali, akwai wanda aka sa ya zubar da hawaye kafin ta iso hannunka, kuma kuɗinka ne zai tura ɓarawon neman ta gaba.