Takardar Tuƙin Jirgi

A bakin ofishin rajistar kwaleji ya tarar da ita, ta ƙanƙame wata takarda a ƙirji. Saura wata biyu bikinsu. Shi ke koyar da zane a nan, kuma ajinsa ta ce za ta shiga.

"Mu gani, Auta."

Ta miƙa masa. Ba zanen hannu ta zaɓa ba, ba kuma zanen kwamfuta mai motsi ba. Tuƙin jirgin sama ta cike.

Ya ɗago ido a hankali. "Dogon matuƙin nan da na gan ku tare jiya, shi ya ba ki shawara?"

"Ni na tambaye shi."

"Tambaya kawai?"

"Yaya, tuƙin nake so, ba matuƙin ba. Gudun wannan kallon naka ya sa na ɓoye maka."

Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya bi takardar layi-layi yana neman abin kama ta, har ya kai gurbin wanda za a kira idan hatsari ya auku. Lambarsa ce a wurin, ta rubuta "mijina" a gefe.

Ya zaro biro daga aljihu ya miƙa mata.

"Kin manta ba ki sa hannu ba."