Makullin Da Kafinta Ya Zare

Batirin motar Kafinta ya daɗe yana neman hutu. Kusan kowace safiya sai maƙwabta sun tura ta kafin ta tashi, har suka laƙaba mata suna "Ku Taimaka". Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji, amsarsa ɗaya ce: gobe zai canza. Mutum ne da ba ya barin ƙusa a kwance a jikin ƙofar wani, amma nasa gyaran kullum sai gobe.

Ranar da aka sallami mahaifiyarsa daga asibiti, bayan aikin da aka yi mata a ciki, shi da matarsa suka je ɗauko ta. Suka kwantar da Inna a kujerar baya, suka tokare ta da matashi. Tsohuwar ta rame, amma bakinta yana nan. Tun daga ƙofar asibiti take lissafa jikokin da za ta ja wa kunne.

A hanya Kafinta ya tsaya gefen titi ya sayi maganin da likita ya rubuta. Ya dawo ya murɗa makulli, motar ta ce ba ta san zancen ba. 'Yan kasuwar gefen titi suka tura sau biyu, ta yi tari ta mutu. Ya kira ƙanensa, direban a-kori-kura, ya zo da igiyar ɗaure kaya.

Ƙanen ya leƙa baya ya ga Inna, ya ce, "Yaya, mu samo tasi ta kai ta gida tukuna. Ko kuma in je in ɗauko batir mu jona."

Kafinta ya ce, "Ga mota a gabanmu za a nemi tasi? A tashe ta a sake kwantar da ita da ɗinki a ciki? Ɗaura igiya kawai. Gidan nan nawa yake?"

Ba a musu da Yaya a gaban mutane. Ƙanen ya durƙusa yana ɗaure igiya a ƙarƙashin mota.

Matar Kafinta ta ce bari ta hau babur ta riga su, ta gyara wa Inna shimfiɗa ta ɗora ruwan zafi. Ta miƙa hannu ta taga: "Baban yara, makullin gida."

Makullin gidan yana zobe ɗaya da na mota da na shago. Ya gwada ɓalle shi da farce, ya ƙi. Sai ya zare makullin motar gaba ɗaya ya danƙa mata duka.

Ta tsaya ta ce, "Ba za ka buƙace shi ba?"

Ya yi dariya. "Motar da ta mutu me za ta yi da makulli?"

Inna ta ce daga baya, "Ku dai kai ni gida lafiya. Na gaji da warin magani."

Ƙanen bai ga an zare makulli ba. Ya shiga a-kori-kura ya ja. Titi miƙaƙƙe ne da farko, komai ya tafi daidai, har Kafinta ya fara ba Inna labarin sabon gadon da ya ƙera mata da hannunsa, mai majingina, don kada ɗinkin ya dame ta.

Sai suka iso gangara mai kwana. A-kori-kura ta karya hagu. Kafinta ya juya sitiyari, ya ji ƙas, sitiyarin ya kulle. Ya murɗa da duk ƙarfin da yake da shi, ko motsi. Ya taka birki, ya ji shi da tauri kamar ya taka dutse, domin injin a kashe yake. Ya danna oda, babu wuta. Ba shi da hanyar da zai gaya wa ƙanensa ya tsaya.

Igiya ta fizgi motar gefe, ta tsinke. Motar ta wuce miƙe, ta daki bakin kwalbati ta kifa cikin magudanar ruwa.

Kafinta ya fito da karyayyen hannu. Inna, da take kwance ba bel, ta faɗo tsakanin kujeru, ɗinkin ya farke. Aka mai da ita asibitin da ta baro ɗazu, ma'aikatan da suka yi mata sai wata rana su ne suka karɓe ta. Ba ta kai yamma ba.

A gida, matar Kafinta ta gama shimfiɗa, ruwa ya tafasa ya huce, ta sake ɗorawa. Makullan suna rataye a jikin ƙofa.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma Kafinta ya san hannun da ya zare makullin, ƙanensa ya san wanda ya ɗaura igiyar ya yi shiru. Yanzu sukan gaisa ba tare da sun haɗa ido ba. Sabon gadon yana nan a ɗakin Inna, ba wanda ya taɓa kwanciya a kansa, kuma Kafinta ya kasa fitar da shi.

Mai karatu, batirin da ya fara gargaɗi a canza shi tun a gida. Idan mota ta mutu a hanya, a fara sauke fasinja a kai su wuri mai aminci, sannan a kira mai gyara ko motar janwe. In kuma ja ya zama dole, kada a zare makulli, domin sitiyari zai kulle, kuma a tuna birkin motar da ke kashe ba shi da ƙarfi. Jiran da kake ƙi a gefen titi ya fi zaman makoki sauƙi.