Jiniyar Da Aka Kulle A Sito

Da hantsi ne, rana ta fito tas, ko ɗigon hadari babu a saman ƙauyen. Can dai wajen duwatsun gabas sama ta yi baƙi ƙirin tun da safe. Bobboi ya ɗaga kai ya duba, ya ce a ransa wannan rabon mutanen dutse ne. Ya kora bijimansa biyu da amalanke cikin mayo, wato rafin da ya bi ta bayan ƙauyensu a yankin Muchalla. Yashi yake ɗiba ya tara a bakin hanya, motocin masu bulo su zo daga Mubi su kwasa. Da wannan yake ci da gidansa.

Duk wanda ya san mayon nan ya san halinsa. Ruwa zai sauka a kan dutse, ku a nan kuna shanya, sai kawai ku ga ya iso muku. Shi ya sa wata ƙungiyar agaji ta sayo wa ƙauyen na'urar gargaɗi. Kashi ɗaya za a kafa can sama, ya ji tashin ruwa. Ɗayan jiniya ce da za ta yi kuka a mashigi tun ruwan yana nesa. Har suka koya wa Winifred, wata 'yar ƙauyen mai gyaran waya, yadda ake haɗa ta.

Bobboi da kansa ya ɗauko kwalayen a amalankensa, tun kafin ruwan fari. A gabansa Dokas, ciyaman na kwamitin ƙauye, ya zuba su a sito ya danna kwaɗo.

"Baba Dokas, ƙarafa huɗu ne da 'yan notoci," in ji Winifred. "Yini ɗaya ya ishe ni in haɗa ta."

"Ke yarinya, ba a yi haka. Manya za su zo daga Yola, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Ankon ma bai fito daga wajen tela ba."

Sau uku ana sa rana ana ɗagawa. Damina kuwa ba ta jira kowa ba.

To, ranar nan Bobboi ya cika amalanke rabi sai ya ji wani gurnani kamar tirela tana gangara. Ya waiwaya, ga ruwa jawur da itatuwa a kansa. Ya daka wa shanu tsawa, ƙafar amalanke ta nutse a yashi. Ya zaro wuƙa zai yanke igiyar karkiya, kafin ya yanke ɗaya ruwa ya kai masa ƙirji. Saiwar wata bishiya ce ta tsare shi. Yana riƙe da ita yana kallo, bijiman da ya raina tun suna maruƙa suka tafi ɗaure da juna.

Bayan kwana biyu aka tsinci karkiyar. Bobboi ba mai hayaniya ba ne, amma ya saɓa ta a kafaɗa, yana ɗingishi, ya je ya ajiye a ƙofar sito ya zauna a kai. Mutane suka fara taruwa. Aka kira Dokas.

"Bobboi, sannu da wannan rashi. Ƙaddara ce, sai haƙuri."

"Ruwa na Allah ne, Ciyaman, ban yi gardama ba. Kwaɗon nan fa, na waye?"

"Kai, da ni kake? Tashi daga nan ko in kira 'yan sanda!"

"Kira su. Su ma ta mayon za su tsallako."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kasa. Winifred ta matso ta tsaya kusa da shi da jakar kayan aikinta.

"Hamma Bobboi, in ka kwana nan, mun kwana tare da dukan matan unguwa," ta ce. "Ta mashigin nan 'ya'yanmu suke zuwa makaranta. Yau shanu ne."

"Ni ba zan fasa ƙofar kowa ba," in ji Bobboi a hankali. "Amma ba don hoto aka sayo abin nan ba, don mu aka sayo. Ba na tashi sai an buɗe. In manyan sun zo, su ɗauki hotona a nan."

Dokas ya duba hagu, ya duba dama, bai ga fuskar da ke goyon bayansa ba. Ya zaro makulli ya jefar a ƙasa.

Babu amalanke yanzu, a kai aka ɗauki kwalayen. Kafin la'asar washegari Winifred ta gama. Da ta gwada jiniyar, awakin ƙauye kaf suka watse, tsofaffi suka toshe kunne suna murmushi. Bobboi bai yi murmushi ba. Jiniya ba ta dawo da bijimai.

Yana komawa gida ya tarar da Dokas a mashigi, babur ɗinsa ya kafe a yashi, yana ta murza shi yana zufa. Bobboi ya sa kafaɗa ya tura har ya haye tudu. Dokas ya ja abinsa ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Jama'a, kayan ceton rai ba kayan biki ba ne. Ranar da suka iso, ranar ya kamata su fara aiki. In kuka ga an kulle su ana jiran manya, kada ku yi shiru, ku je ku tambayi makulli.