Wanda Ya Sayar da Zakunan Isa

Da jan biro Malam Bawa Sodangi ya rubuta ƙarar, irin wanda ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran aikin ɗalibai da shi. Shafi uku, babu gogewa ko ɗaya.

Tun da ya ajiye shugabancin makarantar firamare, masallaci da filin ƙwallo ne kaɗai ke fitar da shi daga gida. Zakunan Isa, kulob ɗin garin, ya taɓa mutuwa murus. Shekara huɗu da suka wuce wani mutum ya saye shi ya tashe shi, kuma har yau 'yan kallo ba su san ko wane ne ba. Koci Illo ta waya yake karɓar umarni. Malam bai damu ba a lokacin, tunda ana cin wasa, kuma kullum akwai kujera tasa a inuwa kusa da benci. Ya ɗauka girman tsohon malami ne.

Sai aka rufe iyakar Nijar, kuɗin mai ya ninka, kulob ya fara zubewa. Aka sayar da mai tsaron gida. Aka sayar da 'yan baya biyu. Ranar Litinin labari ya bazu cewa Hafizullahi, ɗan gaban da ya ci ƙwallo goma sha ɗaya bana, zai koma wani kulob a Sakkwato, alhali saura kwana huɗu wasan ƙarshe da Sabon Birni.

Malam ya tare Illo a wurin atisaye.

"Wa ya ba da wanga umarni?"

Illo ya durƙusa. "Malam, ko man motar kai yara wasa ba mu da shi. In ba a saki Hafizullahi ba, kulob ba ya kai baɗi."

"Tsadar mai kowa ta taɓa! Wanda ya kasa riƙon amanar gari ya sauka. Kulob buhun gero ne, da za a loda a kai kasuwar Bafarawa?"

Ya binciko dokar gasar, ya karanta ta layi-layi har ya sami abin da yake nema. Sashe na tara: duk mai kulob da ya sayar da 'yan wasa fiye da uku a kaka ɗaya ba tare da ya tara magoya baya ba, za a soke cinikin, a karɓe kulob ɗin, shi kuma a hana shi shiga fili shekara biyar. Hafizullahi shi ne na huɗu.

A gida 'yarsa Hafiza ta ga takardar ƙarar da ya rubuta wa kwamitin gasar, ta ajiye kwanon abinci ta tsaya.

"Baba, don Allah ka yi magana da Yaya kafin ka kai ta."

Yayan nata shi ne Anas, ɗan farin Malam, mai fataucin kaya zuwa Maraɗi, wanda motarsa ta yi wata takwas a ƙofar gida kafin ya sayar da ita. Shekara arba'in Malam bai taɓa kiran sunansa ba, balle su zauna hira. Haka ya tarar ana yi wa ɗan fari, haka kuma ya riƙe. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakin Hafiza yake bi.

"Mi wancan ya sani game da ƙwallo?" in ji Malam. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis da hantsi kwamitin gasar ya zauna. Ɗakin ya cika har taga. Can baya, jikin bango, Anas na tsaye kansa a sunkuye. Malam ya gan shi, ya kau da kai kamar yadda ya saba.

Sakataren kwamitin, Zayyanu, tsohon ɗalibinsa ne. Ya karɓi ƙarar da hannu biyu, ya duba rajistar kulob-kulob da ke gabansa, ya sake dubawa. Ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, da za ka janye, mu sasanta a cikin gida."

"Ba ni janyewa."

"Malam, ka ba ni minti biyu a waje."

"Ni na koya maka karatu, Zayyanu. Karanta doka, kowa ya ji. In kun ƙi, gobe za ni Sakkwato da ƙarar."

Zayyanu ya karanta. Babu wanda ya tashi ya kare mai kulob. Shugaban kwamitin ya ƙirga 'yan wasan da yatsunsa, huɗu cif, ya yanke hukunci kamar yadda sashe na tara ya ce. An soke cinikin. Hafizullahi zai buga gobe. Ɗakin ya kaure da sowa, matasa na ta buga tebur.

Malam bai zauna ba. Ya ɗaga hannu har aka yi tsit.

"Da saura. Shekara huɗu wanga mutum yana ɓoye yana wasa da hankalinmu. A faɗi sunansa nan, a manna a ƙofar fili, masu gadi su san wanda za su kora gobe."

"Baba…" in ji Anas daga baya. Karon farko ke nan da ya taɓa yi masa magana a cikin jama'a.

Malam bai waiwaya ba. "Muna saurare, Zayyanu."

Zayyanu ya miƙe da rajistar a hannu, ya dubi Anas, sannan ya dubi ƙasa.

"Wanda ya kawo kuɗin ya ce bai dace ɗa ya sa sunansa a kan dukiya mahaifinsa na da rai ba, don haka sunan uban ya rubuta. Mai Zakunan Isa, wanda aka hana shiga fili shekara biyar daga yau, shi ne Malam Bawa Sodangi."