Abin da Aka Fi Buɗewa

Bidiyon ya ƙi buɗewa. Inna ta zuba wa kwamfutar ido, 'yar da'irar nan sai juyawa take yi. Maganar ƙarshe da mijinta ya yi a gadon asibiti take son ji.

"Ba ka ce ka gyara ta ba?" ta tambayi ƙanenta mai gyaran kwamfuta.

"Na gyara mana, Yaya. Ƙaramin faifai mai sauri, wato SSD, na ƙara mata. Duk abin da ake yawan buɗewa yana ajiye shi kusa, kafin ki ƙifta ido ya fito. Wanda aka manta da shi kuwa, sai an tono shi daga tsohon faifai."

Inna ta juya ga babban ɗanta, mai kwamfutar, wanda kullum yake rantse mata ba ya barci sai ya kalli bidiyon ya yi kuka. Ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

"To, buɗe min wanda aka fi buɗewa."

Ƙanen ya danna na saman jerin. Nan take hotuna suka bayyana: ƙofar gidanta, tsakar gida, ɗakinta har da gadonta da butarta. A sama an rubuta: Gida na sayarwa, babu kowa a ciki.

Ɗan ya miƙe, ya rufe kwamfutar.

"Kawu, ka rage min aiki," in ji shi. "Inna, mai sayen ya ce a bar masa labulen."