Ƙullin Hantar da Ta Ƙi Karɓa

A ƙofar gidansu mahaucin ya miƙo mata ƙullin hanta, kamar kullum in ya zo zance. Yau ba ta sa hannu ba.

"Na daina cin nama," ta ce. "Jiya na bi ta bayan rumfarka. Kana wasa wuƙa, wani maraƙi yana kallonka, jikinsa na ɓari."

Ya yi murmushin yaƙe. "Jibi fa iyayena za su zo neman aurenki. Matar mahauci ba ta cin nama?"

Ta sunkuyar da kai. Jini na ɗiga daga ƙullin, daf da ƙafarta.

"Kwantar da hankalinki," ya ce a tausashe. "Za ki saba."

Da wannan muryar ta ji shi yana lallashin maraƙin jiya.